Tsakanin Layin Rabon Tallafi da Kwanon Maƙwabci

 

A ranar Laraba 18 ga Disamba 2024, yara 35 suka rasa rayukansu a Ibadan, a turmutsutsun da ya auku a harabar wata makaranta inda aka yi shelar za a raba wa yara kuɗi da abinci. Kwana uku bayan nan, ranar Asabar, mutum 22 suka mutu a garin Okija na Jihar Anambra wajen rabon shinkafa, wasu 10 kuma suka mutu a unguwar Maitama ta Abuja, a harabar wani coci da ke rabon kayan abinci. Rayuka 67 ke nan cikin kwana huɗu. Mu a Arewa mun riga mun ɗanɗani ɗacin irin wannan, domin a watan Maris na shekarar, ana tsakiyar azumin Ramadan, aƙalla mutum bakwai, mata da 'yan mata, suka rasu a birnin Bauci wajen rububin karɓar zakka. Allah Ya jiƙan Musulmin da ke cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri.

Babu wanda ya shirya waɗannan tarurruka da nufin a mutu. A zahiri alheri aka nufa, kuma Allah ne masanin abin da ke cikin zukata. Sai dai al'amarin ya bar mana tambayoyi biyu. Ta farko, yaya yunwa ta kai matsayin da uwa za ta yi sammako da goyo a bayanta, ta cusa kanta cikin dubban mutane saboda 'yan mudun shinkafa? Ta biyu, wadda ita ce ta fi shafarmu a wannan shafi, ina alherin nan da a da yake iske mabuƙaci har cikin ɗakinsa, ba tare da ya shiga layi ba, ba kuma tare da kowa ya ji ba?

Yadda aka zo nan

Mai karatu ba ya buƙatar a ba shi labarin abin da yake gani a tukunyar gidansa, amma alƙaluma suna nuna girman abin. Tun a 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A kan wannan rauni ne sabon nauyi ya sauka. Ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. A watan Yunin 2023 aka sakar wa kasuwa ragamar farashin naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a shekarar da ta biyo baya. A Disambar 2024, watan da aka yi waɗancan mace-mace, hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ta kayan abinci kuwa ta kusa kashi 40. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa guda ya fi wannan kuɗi a kasuwanni da dama.

Masana tattalin arziki suna ta muhawara a kan dacewar waɗannan matakai da lokacin da aka ɗauke su, kuma daga baya farashin wasu hatsi ya ɗan sauko. Abin da babu muhawara a kansa shi ne, gidaje masu yawa sun rage yawan girki, wasu sun cire 'ya'yansu daga makarantun kuɗi, wasu sun sayar da 'yan kadarorin da suke tattali, kuma irin wannan rami ba ya cikewa da saukar farashin kaka ɗaya. Malamin makaranta, da ɗan fansho, da ƙaramin ma'aikaci, waɗanda a da su ne ake zuwa wurinsu neman taimako, yau da yawansu suna cikin masu nema, kunya ce kawai ta rufe musu baki.

Abin da ke riƙe da talaka

Idan muka tambayi kanmu yadda miliyoyin mutane suke kai gobe a cikin wannan hali, za mu ga ba rabon tallafi ne ke riƙe da su ba. Rabon yakan zo sau ɗaya ko sau biyu a shekara, ya isa ga ƙalilan, ya ƙare cikin mako. Abin da ke riƙe da su wasu ƙananan abubuwa ne da ba a rubuta su a kasafin kuɗin kowace gwamnati ba. Mai tireda ne da ke da littafin bashi, yana ba magidanci garin masara da man gyaɗa har ƙarshen wata. Mai awo ne da ke cika mudu ya ƙara ɗan ihsani idan ya ga tsohuwa. Maƙwabciya ce da ke aiko da kwanon tuwo ta katanga, a mayar mata da kwanon da ɗan abin da ya samu. Direban a-daidaita-sahu ne da ke kallon ɗalibi ya ce masa ya bar kuɗin. Malamin allo ne da ba ya korar yaro don bai kawo kuɗin Laraba ba. 'Yan adashi ne da ke yarda a ba wadda mijinta ke kwance a asibiti ɗauka, alhali ba zagayenta ba ne.

Mun ga ƙarfin wannan a Maiduguri. Lokacin da rikicin Boko Haram ya tarwatsa garuruwan Borno, musamman a 2014 da 2015, alƙaluman hukumar IOM ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa mafi yawan waɗanda suka tsere ba a sansanoni suka zauna ba, a cikin unguwanni suka sauka, wurin dangi da abokan arziki, wani lokaci ma wurin mutanen da ba su taɓa sani ba. Gida mai mutum goma ya koma mai mutum talatin, tukunya ɗaya, rijiya ɗaya. Haka kuma da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, jama'ar unguwannin da ruwan bai kai ba suka sake buɗe ƙofofinsu. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji sun yi nasu, amma tabarmar da aka fara shimfiɗa wa mutane ta maƙwabta ce.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san ciyayya, inda gidaje ke musayar abinci kowane dare, ta yadda gidan da bai ɗora tukunya ba ranar nan ba zai kwana da yunwa ba, kuma babu mai ganewa. Sun san gayya, inda matasa ke taruwa su nome gonar tsoho ko ta mara lafiya. Sun san randar ruwa a ƙofar gida domin masu wucewa, da zauren da baƙo ke kwana ba a tambaye shi takarda ba, da kwanon almajiri da uwar gida ke ajiyewa kamar na ɗan cikinta. Sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Waɗannan al'adu Musulunci ne ya raine su shekaru aru-aru, har suka zama jinin jiki.

Matsayin ƙaramin alheri a shari'a

Akwai masu ɗaukar irin waɗannan ayyuka a matsayin ƙawa, abin da mutum zai yi idan ya ga dama. Suratul Ma'un, sura ta 107 a Alƙur'ani, ta rushe wannan fahimta. A cikin ayoyinta bakwai Allah Ya siffanta mai ƙaryata sakamako da tunkuɗe maraya da ƙin kwaɗaitarwa a kan ciyar da miskini, sannan Ya yi narko ga masallatan da ke sakaci da sallarsu, suna riya, suna hana ma'un. Mene ne ma'un? Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya yarda da shi, cewa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna lissafa aron guga da tukunya a cikin ma'un. Malaman tafsiri sun ƙara da gatari da makamantansa na kayan amfanin gida, wasu kuma sun fassara shi da zakka. Sai mu lura da yadda aka jera hana aron guga kusa da wasa da salla. A yau gugan nan shi ne famfon burtsatsen gidanka, da soket ɗin da maƙwabci zai sa cajin wayarsa idan ka tada janareto, da motarka idan naƙuda ta kama matar maƙwabcinka da tsakar dare.

Zakka rukuni ce, kuma babu abin da zai maye gurbinta. Amma zakkar dukiya sau ɗaya ake fitar da ita a shekara, ɗaya bisa arba'in, a kan wanda ya mallaki nisabi. Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su mallaki nisabi ba, yunwa kuwa kullum take zuwa. Saboda haka shari'a ta buɗe wata ƙofa wadda babu mai uzurin rashin shiga. A hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da cewa akwai sadaka a kan kowace gaɓa ta ɗan Adam a kowace rana, sannan ya lissafa sulhunta mutum biyu, da taimaka wa mutum ya hau dabbarsa ko ɗora masa kayansa, da kyakkyawar magana, da kawar da abin cutarwa daga hanya. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke buƙatar kwabo. Muslim ya ruwaito daga Abu Zarrin cewa an hane shi raina kowane irin alheri, ko da sakin fuska ne ga ɗan'uwa, an kuma umarce shi idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa domin ya ɗiba wa maƙwabta. Ba a ce ya jira sai ya yanka rago ba. An ce ya ƙara ruwa a abin da yake da shi. Hausawa ma sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.

Game da lokacin ƙunci kuwa, muna da misalin Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa. Idan guzurinsu ya yi ƙaranci a wurin yaƙi, ko abincin iyalansu ya ja baya a Madina, sukan tara abin da kowa yake da shi a mayafi guda, su raba daidai da ma'auni guda. Annabi ya yabe su har ya danganta kansa da su, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. A shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya afka wa Hijaz a shekarar da ake kira Amur Ramada, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa nama da man shanu, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, an kuma ruwaito cewa ya yi niyyar, idan abin ya ci tura, ya haɗa kowane gida da mabuƙata adadin mutanen gidan, bisa hujjar cewa mutum ba ya halaka a kan rabin cikinsa. Wannan ita ce ciyayya, an ɗaga ta zuwa matsayin siyasar daula.

Abin da ƙaramin alheri ya fi babban rabo da shi

Ba muna rage darajar masu fitar da dukiya mai yawa ba ne, Allah Ya saka musu. Amma idan muka auna hanyoyin biyu, za mu ga alherin yau da kullum yana da wasu siffofi da babban taro ba zai taɓa samu ba.

Na farko, ya san mabuƙaci. A aya ta 273 ta Suratul Baƙara Allah Ya ambaci wasu matalauta waɗanda wanda bai san halinsu ba zai zaci mawadata ne saboda kamewarsu, ba sa naci wajen roƙo. Hadisi ingantacce ya ƙara bayani cewa miskini na haƙiƙa shi ne wanda ba shi da abin da zai wadace shi, ba a lura da shi ba balle a ba shi, shi kuma ba ya tashi ya roƙa. Irin wannan mutum ba za a gan shi a layin rabo ba. Matar da ke cikin takaba ba za ta fita ba. Dattijon da ƙafa ta gaza ba zai iya kokawa da matasa a bakin ƙofa ba. Layi na mai ƙarfi ne da mai sanayya, shi ya sa sau da yawa mutum ɗaya zai karɓa sau uku, goma su koma hannu rabbana. Maƙwabci kuwa ya san gidan da hayaƙi bai tashi ba tun jiya. Da Nana A'isha ta tambayi wane ne cikin maƙwabtanta biyu za ta fara yi wa kyauta, an ce mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. Hikimar a bayyane take: idan kowa ya kula da ƙofar da ke kusa da shi, babu ƙofar da za ta rage.

Na biyu, yana tsare mutunci. Ayoyi na 263 da 264 na Baƙara sun nuna cewa magana mai daɗi ta fi sadakar da cutarwa ke biye da ita, kuma gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Tara mutane cikin rana tun asuba, a sa masu tsaro su riƙa dukansu da bulala, a ɗauki hoton fuskokinsu a watsa, duk wannan yana da rabo a cikin ma'anar cutarwa, ko da mai bayarwa bai yi nufi ba. Littattafan tarihi sun kawo cewa Aliyu ɗan Husaini, Zainul Abidina, yana ɗaukar buhun abinci a bayansa da dare yana ajiyewa a ƙofofin matalautan Madina, ba su san mai kawowa ba sai da ya rasu abin ya yanke.

Na uku, yana ɗorewa. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Buhun da aka raba a Ramadan ya ƙare kafin Babbar Salla. Kwanon tuwo guda kowane dare kuwa, a shekara kwano 365 ne. Da yayyafi kogi kan cika.

Na huɗu, yana gyara mai bayarwa da mai karɓa a tare. A ciyayya babu mai hannun sama na dindindin. Wadda ta aiko da tuwo yau, gobe ita za a aika wa da gishiri ko a riƙe mata yara ta je asibiti. Wannan ke sa unguwa ta zama jiki ɗaya. Rabon da ake yi daga saman mota kuwa yana raba jama'a gida biyu, masu jefawa da masu cafewa, kuma babu zumuncin da ke ƙulluwa a tsakaninsu.

Abin da ke cinye wannan ɗabi'a

Dole mu faɗi gaskiya cewa wannan gado yana raunana, kuma dalilan ba rowa kaɗai ba ce. Akwai talaucin kansa: mai tiredan da jarinsa ya karye saboda bashin da ba a biya ba, ba za a zarge shi ba idan ya rufe littafi. Shi ya sa shari'ar da ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, a aya ta 280 ta Baƙara, ita ce kuma ta kira jinkirin mai hali wajen biya zalunci. Duk wanda ya ci bashin mai shago yana da halin biya ya ƙi, ba shi kaɗai ya cuta ba, ya toshe ƙofa ga marayun da za su zo bayansa.

Akwai tsoro. Garkuwa da mutane da matsalar masu kai wa 'yan bindiga rahoto sun sa mutane a Zamfara da Katsina da Sakkwato da wasu sassan Kaduna da Neja suna ɗari-ɗari da baƙo, har da na gida. Mai hali yana ɓoye halinsa don kada a sa masa ido. Direba yana tsoron tsayawa ya taimaki wanda mota ta lalace wa. Wannan tsoro yana da dalili, addini bai ce a jefa kai ga halaka ba. Amma taka-tsantsan da wanda ba ka sani ba daban, rufe ƙofa ga maƙwabcin da kuka shekara ashirin tare daban.

Akwai yanayin ginin birane. A sababbin unguwanni katanga ta yi tsawo, ƙofa ta zama ta ƙarfe, mutum zai shekara bai san sunan wanda ke jikin gidansa ba, sai ranar da ya ga an kafa rumfar zaman makoki. Akwai kuma wayar hannu. Facebook da TikTok da WhatsApp sun taimaka an tara wa marasa lafiya da yawa kuɗin aiki, wannan alheri ne da ba za a musa ba, kuma aya ta 271 ta Baƙara ta yaba bayyana sadaka, duk da ta fifita ɓoye ta. Sai dai bayyana sadaka domin a yi koyi ba ya buƙatar bayyana fuskar wanda aka ba. Yaron da aka ɗauka yana kuka da ledar shinkafa a hannu zai girma, hoton kuma yana nan. Ga kuma 'yan damfara da ke ƙirƙirar majinyatan ƙarya, waɗanda laifinsu ya wuce cin haram, domin suna kashe yarda a zukatan masu bayarwa.

Darasin ƙauyen Nghar

Wanda yake ganin ƙaramin alheri ba ya sauya komai, ya dubi abin da ya faru a ƙauyen Nghar na Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi a Jihar Filato. Ranar 23 ga Yuni 2018, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan yankin, mutane suka gudo neman mafaka. Limamin ƙauyen, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara sama da 80, ya ɓoye mutum 262, mafi yawansu Kiristoci, a masallaci da cikin gidansa, ya fita ya tari maharan, ya ƙi ba su hanya. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi a kan wannan. Da 'yan jarida suka tambaye shi, cikin abin da ya ambata akwai cewa shekaru sama da 40 da suka wuce, Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin, kyauta. Waɗanda suka ba da filin ba su san ginin da za a yi a kansa ne zai tsare jikokinsu ba.

Shi ma limamin a kan sunna yake. Abdullahi ɗan Amru, da aka yanka akuya a gidansa, ya riƙa tambaya ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, yana kafa hujja da wasiyyar da Mala'ika Jibrilu ya yi ta nanata wa Annabi a kan maƙwabci. Malamai sun ce maƙwabci Musulmi ɗan'uwa na jini yana da haƙƙi uku, Musulmi wanda ba dangi ba yana da biyu, wanda ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka. A ƙasa irin tamu, inda ƙaramar husuma kan rikiɗe ta zama rikicin addini, gaisuwa da dubiya da ta'aziyya da ake yi tsawon shekaru su ne ake cin moriyarsu ranar da hankula suka tashi.

Alheri ba ya ɗauke wa shugabanni nauyi

Kada a fahimci wannan bayani a matsayin cewa talakawa su ji da junansu, hukuma ta huta. Umar da ya yi tunanin haɗa gidaje, shi ne ya fara buɗe baitulmali, ya kuma fara hana kansa. Shugaba makiyayi ne abin tambaya a kan abin da aka ba shi kiwo. Tsaron gonaki domin manomi ya koma noma, da asibitin da talaka zai iya shiga, da biyan albashi da fansho a kan kari, da adalci wajen rabon abin da aka ware da sunan tallafi, waɗannan haƙƙoƙi ne, kwanon maƙwabci ba zai biya su ba. Ɗan siyasar da ya danne haƙƙin jama'a shekara huɗu, sannan ya fito da taliya da atamfa ana gobe zaɓe, kada ya kira abin da ya yi sadaka. Hukumomin zakka da ake da su, irin Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, su ma suna buƙatar ƙarin ƙarfi da ƙarin amana, domin mawadaci ya sami hanyar da zakkarsa za ta isa ga masu ita ba tare da ya tara jama'a a ƙofar gidansa ba. Muna neman adalci daga sama, muna kuma yin ihsani a tsakaninmu, Allah Ya haɗa umarni da su biyun a aya guda cikin Suratun Nahli, wadda limamai da yawa ke rufe huɗuba da ita kowace Juma'a.

Abin da ya rage gare mu

Ga magidanta da iyaye mata: kowane gida ya zaɓi gida ɗaya a kusa da shi wanda ya san yana cikin matsi, ya mayar da aika musu wani abu al'ada, ko sau biyu a mako. A aika yaro ya kai da sallama da ladabi, a kuma karɓi abin da suka mayar komai ƙanƙantarsa, domin karɓar tana cire musu nauyin jin an fi su. Muslim ya ruwaito cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu.

Ga ɗalibai: rashin kuɗi bai hana ku komai ba. Wanda ya fahimci darasi ya zauna da wanda bai fahimta ba. Wanda ya gama da littafi ya miƙa wa na bayansa. A ɗakin kwanan ɗalibai, a lura da abokin da kullum yake cewa ya ƙoshi idan an zauna cin abinci. Mai lafiya ya je asibiti ya ba da jini. Matasan unguwa su yashe kwata kafin damina, wannan yana cikin kawar da cuta daga hanya.

Ga 'yan kasuwa: cika mudu da faɗin aibin kaya da rangwame ga mai rauni sadaka ce da ake yi ba a bar shago ba. Buhari ya ruwaito labarin ɗan kasuwar da ke umartar yaransa su yafe wa wanda ya kasa biya, da fatan Allah Ya yafe masa, Allah kuwa Ya yafe masa.

Ga kwamitocin masallatai: masallacin unguwa ya fi kowace hukuma sanin mutanensa, domin sau biyar ake haɗuwa a rana. Liman da mai unguwa da dattawa biyu ko uku, tare da mata masu amana da ke shiga gidaje, za su iya tantance marayu da zawarawa da marasa lafiyan unguwa cikin sirri, a kai musu har gida. Wanda aka saba gani a sahu aka daina ganinsa kwana uku, a je a duba shi.

Ga mawadata masu niyyar babban rabo: ku raba ta hannun irin waɗannan kwamitoci, unguwa-unguwa, ko ku biya bashin da ke littafin mai shago da mai kemis, ko ku biya kuɗin makarantar marayu kai-tsaye. Idan taro ya zama dole, a ba da kati tun kafin ranar, a rarraba wurare da lokuta, a sanar da hukuma. Tsare rai yana gaba da yawan waɗanda za su shaida kyautar.

Muna roƙon Allah Ya yaye mana wannan ƙunci, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya sanya tausayin juna a zukatanmu, Ya karɓi ɗan abin da muke yi, Ya sa mu same shi a mizani ranar da ake auna kwatankwacin ƙwayar zarra. Allah Ya sa mu dace, amin.